Wata Bakwai Ina Roƙa wa Iya Lafiya

Ni ba mai magana ba ce. A gidanmu in mutum goma sun taru ana hira, ni ce wadda ke gefe tana tsince shinkafa tana kallon ƙafafun mutane. Amma ranar da sunana ya fito a cikin waɗanda suka sami tallafin karatu, aka ce zan tafi Masar koyon aikin jinya, sai da na buɗe baki na roƙi Baba abu ɗaya. Na ce, "Baba, in wani abu ya sami Iya, a gaya mini." Ya ce, "To, Ummi." Ko ɗago kai bai yi daga igiyar da yake tufkawa ba.

Iya ita ta haifi Baba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa duk gidan ba mai kiran sunana na yanka, sai Ummi. Ita kaɗai ke ce mini Takwara. A ɗakinta aka yaye ni, a ɗakinta na girma, a ƙauyenmu da ke tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin katangar wani. Sana'arta daddawa. Lokacin da na tafi ta riga ta fara dogara sanda. Ban ji tsoron jirgi ba, ban ji tsoron baƙuwar ƙasa ba. Tsorona ɗaya, kar in dawo ban same ta ba.

Da rana tsaka muka sauka Alkahira, mu shida 'yan mata. Wanda ya tarbe mu wani Bahaushe ne da ya daɗe a can, Malam Tasi'u, wai shi ne wakilin ɗalibai. Farar jallabiyarsa ta sha guga, yana ta kiranmu "'ya'yana". Akwai carbi a hannunsa, amma tun daga filin jirgi har masauki ban ga ƙwaya ɗaya ta motsa ba. Tun a mota ya karɓe fasfo ɗinmu, wai zai yi mana takardar zama. An ce mana masauki yana jikin makaranta. Sai ga mu a hawa na bakwai na wani tsohon bene da ba abin hawa sai ƙafa, kuma sai mun shiga mota biyu kafin mu isa aji. Fasfo kuwa wata huɗu yana hannunsa. Duk sanda muka hango ɗan sanda sai mu canja hanya.

Wadda muke ɗaki ɗaya da ita Nafisa ce, 'yar cikin birnin Kano, mahaifinta ma'aikacin gwamnati, bakinta ba ya hutu.

"Ke Ummi, wallahi shirunki yana ba ni haushi. Mutum ya riƙe miki fasfo, kina durƙusawa kina ce masa ina wuni Malam?"

"To me zan ce masa?"

"Ki ce masa ɓarawo mana! Ko a ƙauyenku ba a san wannan kalmar ba?"

Ita ce ta je ta zauna a ƙofar gidansa tun safe, ta ce ba inda za ta sai da fasfo shida. Kafin azahar ta dawo da su a cikin leda. Takardar zaman ma ko farawa bai yi ba.

A titi yara su bi mu suna ihun "shokolata", wato cakulan, saboda baƙar fatarmu. A cikin mota wata mata ta shafa bayan hannuna, sannan ta duba yatsanta. A asibitin da ake kai mu koyon aiki wani tsoho ya janye hannunsa da na zo auna masa jini, ya ce a kira masa wata. Larabcin da na koya a Islamiyya kuwa, in na yi sai su tuntsire da dariya, wai ina magana kamar mai huɗuba. Ban taɓa ramawa ba. Sai na hau matattakalar nan ta hawa bakwai, sannan in yi ta zazzaga musu masifa a cikin raina, da Hausa, kowace taka da tata baƙar magana.

Wata rana kwaɗayin kunu ya kama ni har ba na gane karatu. Na shiga kasuwa neman gero. Na nuna hotonsa a waya shago bayan shago, har wani ya gane, ya nuna mini wani lungu yana murmushi. Da na isa sai na tarar shagon tsuntsaye ne. Keji a sama, keji a ƙasa, ga gero a cikin buhu kusa da abincin kyanwa. Mai shagon ya tambaye ni tsuntsu nawa gare ni. Abincin da Baba ke kwashe damina yana duƙe a kansa, abincin da ya gina mini ƙashi, a nan na kanari ne. Na saya duk da haka. Da na zo hawa na shida sai na zauna a kan matattakala da ledar a cinyata, hawaye na zuba, ni kuma ina jin haushin hawayen.

A nan Ummu Ahmad ta same ni, wata dattijuwa 'yar ƙasar da ke zaune a ƙasanmu. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta koma ciki ta fito da kwano, koriyar miya mai yauƙi a kan shinkafa. Na kai loma ɗaya na tsaya. Lalo ne. Su wani suna suke kiransa, sun cika masa tafarnuwa, amma lalo ne, irin wanda ke fitowa da kansa a bayan ɗakin Iya. Ta tsaya a kaina har na cinye, tana cewa "binti, binti", wato 'yata, ta goge mini fuska da bakin mayafinta mai ƙanshin albasa. Daga ranar duk sanda ta yi sai ta buga silin ɗinta da sandar tsintsiya sau uku, in sauko.

Abin da ya riƙe ni a shekarar farko shi ne Juma'a. Yayata Hadiza, wadda ke aure a Bacirawa, duk Juma'a takan je ƙauye, ta kara wa Iya waya a baki ta ɗauki muryarta ta turo mini. Iya ba ta taɓa yarda cewa wayar na ji ba sai ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona.

"An danna? To. Takwara! Takwara, kina ji na? Wai an ce can da cokali kuke cin abinci kamar marasa lafiya. Kin rame ko? Kar ki kuskura ki dawo mini kamar sillen kara. Akuyarki ta haihu, biyu, ɗayan mummuna sak ubanki. Kalwa ta yi tsada bana, waɗannan matan na Dawanau sun... ke Hadiza, kori kazar nan daga kan..."

A nan saƙon zai yanke. Kullum a tsakiyar magana yake yankewa. In saurara sau goma, har in san inda kazar ta yi kuka.

Da wata ɗaliba ta dawo daga hutu, ta zo mini da ƙunshi daga gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, da daddawa. Ko a cikin dubu zan gane daddawar Iya. Yatsanta na tsakiya ya taɓa karyewa ya warke a karkace, saboda haka in ta danna curin sai ya fito da layi biyu masu zurfi, na ukun ɗan kaɗan. Na daɗe ina sa yatsuna a cikin layukan nan kafin na iya jefa ko ɗaya a tukunya. Nafisa ta toshe hanci ta buɗe taga.

"Ummi, maƙwabta za su kira hukuma su ce mushe muka ajiye."

Amma ita ta fara neman ƙari.

A shekara ta biyu, da sanyi ya shigo, saura mako biyu mu fara jarrabawa, Juma'a ta zo ba saƙo. Yaya Hadiza ta rubuto cewa Iya na mura, muryarta ta dishe. Juma'a ta gaba, wai ta tafi suna Bichi. Ta gaba, ba caji. Ta gaba, ba sabis. Daga nan sai ya koma, "Iya tana gaishe ki, ta ce ki dage da karatu." Iya ba ta taɓa ce mini in dage da komai ba. In ba ta tsokane ni ba, to ba ita ba ce.

Na kira Baba. "Baba, Iya fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Ya karatu?"

Na kira Umma, mahaifiyata. "Tana barci, kin san jikin tsufa."

Wani zai ce me ya hana ni tambaya kai tsaye. A wurinmu ba a haɗa sunan mai rai da mutuwa a jimla ɗaya. In na ce "Iya ta rasu ne?" alhali tana zaune a tsakar gida tana surfa kalwa, to na yi mata mugun baki. Sun san ba zan iya furtawa ba. Da wannan kunyar tawa suka ɗaure ni.

Sai na ci gaba da aika mata nawa saƙon duk Juma'a. In ba ta labarin lalon Ummu Ahmad, da na tsohon da ya dawo da kansa ya miƙo mini hannu, da na makin da na ci. Kuma a kowace sujada, sau biyar a rana, addu'ata ɗaya: Allah ka ba Iya lafiya, ka ƙara mata kwana in koma in same ta.

Da bazara ta kama na kasa jurewa, na rubuta wa Yaya Hadiza cewa ba zan ƙara cin abinci ba sai na ji muryar Iya. Washegari saƙo ya shigo. Muryarta ce, ba shakka. "Takwara, kina ji na? Ƙafar nan ce dai ke damuna, amma da sauƙi..." Na zauna a ƙasa na rungume wayar. Na saurara na biyu ina dariya. A na uku ne na ji abin da ke bayan muryar. Ruwan sama ne yake dukan kwano. Ruwa sosai, har da sautin indararo yana zuba a bokiti. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasar Kano ta yi wata biyar ba ta ga ɗigo ba.

Na kunna wa Nafisa. Ta saurara ta ce, "Ƙila famfo ne."

"Ba mu da famfo."

"To ƙila wani ke juye gero a fanteka. Haba Ummi, ki daina wannan bincike kamar ɗan sandan ciki. Kin ji muryarta ko ba ki ji ba?"

Na ji. Na kuma zaɓi in yarda gero ne. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan. Ƙunshi na biyu ya zo, daddawar a mulmule sumul, ba layin yatsa ko ɗaya, irin ta kasuwa. Na ce wa kaina ai hannunta ne ya gaji.

Hutun ƙarshen shekara ya faɗo cikin damina. Da aka buɗe ƙofar jirgi a Kano, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi fuskata, na ji kamar in durƙusa. Yaya Hadiza ce ta zo da adaidaita sahu. Ta rungume ni ta yi ta surutu, na yi haske, na yi tsawo, wai Masar ta karɓe ni. Tun daga filin jirgi har Bacirawa ba ta bar gurbin da zan sa tambaya ba. Ta ce Baba ya ce in kwana a wurinta in huta, gobe a wuce ƙauye.

Ina shiga tsakar gidanta na gan ta. Babbar tukunyar ƙarfe a ƙarƙashin indararo, cike da ruwan sama, bakinta a lotse ta gefe ɗaya inda jaki ya taɓa harbinta. Tukunyar da Iya ke dafa kalwa ce. Tun ina rarrafe ba ta taɓa ba da aronta ba, ko biki ake a gidan mai unguwa.

"Yaya, tukunyar Iya ce wannan."

"Eh. Ba ni ta yi."

"Iya ta ba ki tukunyar kalwa."

"Ummi, zo ki ci abinci mana, tun safe nake..."

"Ki kai ni gida."

"Baba ya ce sai gobe."

"Yanzu."

Ba ta taɓa jin na yi mata magana haka ba. Ta ɗauki mayafinta muka fita.

Kusan shekara biyu ina mafarkin wannan hanya. Muka wuce Dawanau, muka sauka Dawakin Tofa, muka hau babur muka shiga tsakanin gonaki. Gero ya fi mutum tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa, ɗorawa na tsaye inda na bar su. Komai ya yi kyau, kuma kyansa haushi ya riƙa ba ni. A bakin rijiya mata suka ɗago, "Lale da 'yar Masar!" Sai na ga kowacce ta yi sauri ta mayar da idonta kan guga. Duk garin sun sani. Har yaran da ke bin babur sun sani.

Ban tsaya gaida kowa ba, na nufi ɗakin Iya. Ba labule. Na tura ƙofa. Buhunan takin zamani ne jere har rabin bango, ga injin feshi a rataye, ga fartanya uku a inda gadonmu yake. Warin taki ya kori ƙanshin daddawa da ya kama bangon nan tun kafin a haife ni. Ƙusar da take rataye carbinta tana nan, ba komai a jikinta.

Umma ta tsaya a bayana. "Ummi, zo ki sha ruwa tukuna."

Na wuce ta. Baba yana zaure yana gyara ƙotar gatari. Na durƙusa kamar yadda na saba, amma ban gaishe shi ba.

"Baba, yaushe?"

Ya ajiye gatarin. "Da sanyi. Kina shirin jarrabawa."

"Na roƙe ka."

"Kin roƙe ni. Ni kuma na duba abin da ya fi miki. Da an gaya miki me za ki yi? Jirgi za ki hau? Da hantsi ta cika, kafin azahar an kai ta. Sai dai ki zauna a ƙasar mutane ki yi ta kuka ba uwa ba uba, ki faɗi jarrabawa, a janye tallafin. Ba a gaya wa matafiyi mutuwa, Ummi. Haka muka tarar ana yi."

"Da na yi mata addu'a."

"Mun yi mata. Har saukar Alƙur'ani an yi."

"Ni fa? Wata bakwai ina roƙa mata lafiya, Baba. Tana kwance a ƙasa, abin da take buƙata gafara, ni da ta goya ban roƙa mata ko sau ɗaya ba. Ina ta cewa Allah ya ƙara mata kwana. Ku kuka sa ni."

"A Masar aka koya miki ɗaga wa mahaifi murya?"

Ban ɗaga murya ba. Ko kazar da ke bakin zaure ba ta motsa ba. Amma na gane a wurinsa, ni da ban taɓa wuce "to" ba, wannan ma tsawa ce. Ya ɗauki gatarinsa ya fita.

Sauran labarin a bakin Umma na ji, muna zaune a gindin murhu. Kwana tara Iya ta yi a kwance. Ranar na bakwai hankalinta ya dawo sarai, ta ce a kira mata Takwara. Suka duba yadda numfashinta yake, suka ce in na ji zan gane. Sai suka ce mata ba sabis.

Ba sabis. Ita aka ce mata ba sabis, ni aka ce mini ba sabis. Ƙarya ɗaya suka raba mana biyu.

Yaya Hadiza tana gefe tana kuka. Ta ce saƙon nan mai ruwan sama tsoho ne, tun daminar bara ta ɗauka bai tafi ba, ya zauna a wayar. Nawa saƙonnin kuwa na wata bakwai suna nan jere, ko ɗaya ba ta iya buɗewa ba. Ta ce, "Wallahi Ummi ni ma ban huta ba." Na san gaskiya ta faɗa. Ban rarrashe ta ba.

Washegari mata suka cika gidan, rabi sannu da zuwa, rabi gaisuwa, ba wadda ta san wacce za ta fara. A wurinsu mutuwar ta tsufa, an yi sadakar uku, an yi ta arba'in, an raba kaya. Gwaggo Talatu, maƙwabciyarmu, ta dafa kafaɗata.

"Ke har kin samu, wata bakwai kacal! Ni sai da na yaye Audu aka gaya mini uwata ta rasu, wai kar nonona ya ƙafe. Shekara guda da rabi ina aika mata goro, ƙanena yana cinyewa!"

Matan suka kwashe da dariya. Ita ma tana dariya. Amma na ga yatsunta suna ta naɗe bakin zanenta suna warwarewa, suna naɗewa suna warwarewa, har aka canja hira ba su daina ba.

Na ce a nuna mini kabarin. Aka ce mata ba sa shiga maƙabarta. Na tsaya a iyakar gonar liman na leƙa ta saman shinge. Ruwa ya daidaita ƙasar, ciyawa ta rufe komai, ba a gane sabo da tsoho. A nan, a tsaye, na fara cewa Allah ya ji ƙan Iya. Harshena sai da ya yi tuntuɓe, don ya saba da ɗayar addu'ar.

Ranar Alhamis Umma ta ja ni gefe. "Gobe Baffanki zai kira. Ki kama bakinki, bai sani ba."

Baffa Sale shi ne autan Iya, ƙanin Baba. Shekara huɗu yana aikin gini a Libiya. Na tsaya ina kallon Umma.

"Shi ma?"

"Ba shi da takarda, Ummi. Kin san yadda yake da tsohuwar nan. In ya ji, ajiye aiki zai yi ya kamo hanyar sahara, hanyar da ake shiga ba a fita. Kina so mu yi rashi biyu?"

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ita ta ɗauka shiruna na da ne.

Na wuni ina juya maganar. Ba ƙarya Umma ta yi ba, hanyar tana cin mutane, kuma Baffa mutum ne mai zuciya. In ya taho wani abu ya same shi, ni ce. Amma na san abin da yake yi a can. Na san yadda yake kallon waya in an kashe, yana cewa wa kansa ai barcin tsufa ne. Na san me yake faɗa a sujada.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a wayar Baba ta yi ƙara. Muna tsakar gida a kan tabarma. Ya buɗe muryar kowa na ji.

"Yaya, ina wuni? Ya damina? Tsohuwa fa?"

"Yanzun nan ta fita unguwa," in ji Baba, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. "Ga 'yarka 'yar Masar ta zo hutu, ku gaisa."

Ya miƙo mini wayar, ya kafe ni da ido.

"Ummi likita! An dawo? Kin zo mana da maganin ciwon baya?"

"Ina wuni, Baffa."

"Lafiya lau. Ke har yanzu ba a koya miki magana ba?" Ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Ina jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa. Ya rage murya. "Ummi, ke a ɗakinta kike kwana. Kullum na kira, tana barci, ta fita, ba caji. Ƙafar ce ta tsananta suke ɓoye mini? Jiya ma sai da na yi sadaka Allah ya ba ta lafiya."

Umma ta riƙe gefen hijabina. Baba ya girgiza kai a hankali, sau ɗaya.

Na ce, "Baffa, sauka daga kan gini in kana sama."

"Ina ƙasa."

"Iya ta rasu. Da sanyin da ya wuce. Ni ma ranar Litinin na sani."

Umma ta saki hijabina. Ba wanda ya motsa. A cikin wayar injin ya ci gaba da juyawa, sai na ji takun ƙafa, ƙarar tana nisa tana nisa, har ta ɓace. Can ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita. Ya sake maimaitawa, na ukun da ƙyar ya fito.

"Baffa, kar ka taho. Ka ji? Ba abin da za ka tarar, ɗakin ma taki aka zuba. Ba zuwanka take buƙata ba yanzu. Ka zauna inda kake ka roƙa mata gafara, daga yau."

Ya daɗe yana jan numfashi. Sannan ya ce, "Na ji. Ba zan taho ba." Can ya ƙara da cewa, "Ummi, ya haƙuri?"

Kwana biyar mutane suna faɗa mini wannan kalma, amma a bakinsa ne kaɗai take da ɗumi, don mu biyu ne rak a duniya Iya ta mutu mana a wannan makon. Na ce, "Da godiya, Baffa. Ya namu haƙurin?"

"Allah ya ji ƙanta. Allah ya sa ta huta."

"Amin."

"Ba ni Yaya."

Na miƙa wa Baba wayar. Bai karɓa ba. Yana kallon tabarma, jijiyar wuyansa ta tashi. Raina bai huce ba, kuma ban ce ya huce ba har yau da nake rubutun nan. Na matsa kusa da shi a kan gwiwoyina, na ɗora wayar a tafin hannunsa.

"Baba, ƙaninka ne. Zai yi maka gaisuwar mahaifiyarku."

Ya kai ta kunne da hannu biyu. Ya buɗe baki ya ce, "Sale."